Garwashin Jego

Inna ta iso Greensboro, a Amurka, kwana uku bayan na haihu, a tsakiyar sanyin hunturu, da akwati biyu da jakar buhu ɗaya. A akwatin farko akwai kanwa da yaji da garin kunu, da busasshen ganyen wanka wanda har yau ban san yadda ta wuce da shi a filin jirgi ba. A na biyu kuwa, naɗe cikin zannuwa uku, akwai kaskon wuta na yumɓu. Kayan sawarta ba su cika rabin jakar buhun ba. Da na ga kaskon nan sai gabana ya faɗi, amma na ja bakina na yi shiru, domin ranar farko ce, kuma shekara huɗu ke nan rabona da ganin mahaifiyata.

A shekarun casa'in ne. Ni da maigidana muna haya a wani ƙaramin gidan katako a unguwar Glenwood, ciki biyu da falo, tafiyar minti goma sha biyar a ƙasa zuwa jami'ar da nake digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Shi yana karanta injiniya a wata jami'ar, da safe kuma yana aiki a kamfanin kujeru. Gidan tsoho ne, iska tana shigowa ta ko'ina, saboda haka tun farkon sanyi ya sayo leda mai kauri ya liƙe kowace taga, ya bi ƙasan ƙofofi da soso ya toshe. Ya yi aikin da kyau ƙwarai, har baƙi yake kai wa su gani.

Jego Inna ta zo yi mini, kuma ba da wasa ta zo ba. Safe da yamma sai ta tafasa ruwa a manyan tukwanena biyu, ta juye a bokiti, ta zaunar da ni a cikin baho ta riƙa fyaɗa mini ganye har sai na ga taurari. Daga nan kunun kanwa kofi biyu, da nama mai yaji har hanci yana zuba. Duk na yarda. Ina ƙorafi, ina tsaki a ciki, amma ina yi, don na san abin da take tsoro. A wurin Inna, idan sanyi ya shiga jikin mai jego to ya shiga ke nan: kumburi, ciwon ƙafa, tari, wani lokaci har kabari. Ta ga wannan ƙasa da ruwa yake daskarewa a kan mota, ta yanke hukuncin cewa ƙasar kashe ni za ta yi in ita Inna ba ta tashi tsaye ba. Na'urar ɗumama gidan kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba. Ta ce wannan hucin akuya ne, ba ya ratsa ƙashi.

Kaskon bai fito ba sai bayan suna. Ranar sunan ɗalibai 'yan uwanmu sun taru, an gasa rago a bayan gida, sai gawayi ya yi saura kusan rabin buhu. Wata maƙwabciyarmu 'yar zangon Kumasi, wadda muke kira Anti, ita ta kawo shi, ta kuma ce a bar shi ko zai yi amfani. Allah ya saka mata da alheri, da kyakkyawar niyya ta bari.

Washegari da hantsi, bayan wanka, ina kwance jaririya tana gefena, sai ga Inna ta turo ƙofa da ƙafa, kasko a hannu, garwashi jajir. Ta tura shi ƙarƙashin bakin gado, ta ja ƙofa ta rufe. A baranda ta hura shi, ta tsaya tana fifita har hayaki ya ƙare ƙaf, ta yayyafa masa toka kaɗan, sannan ta shigo da shi. Tsaf ta yi komai, kamar yadda aka koya mata.

Na ce mata a hankali cewa gawayi a rufaffen ɗaki yana da haɗari. Ta amsa mini cewa hayaki ne haɗari, kuma ina na ga hayaki? Ta ɗaga kai ta nuna farin abin nan mai gano hayaki da ke manne a silin, wanda ya cika unguwa da ihu ranar da ta soya ƙosai. Ta ce ga shaidar Turawan da kansu, ko tari bai yi ba. Ta ƙara da cewa a kan wuta ta yi jegona da na ƙannena duka, a kan wuta uwarta ta yi nata, kuma ga mu nan garau har muna da bakin musu.

Da ta fita na tashi na buɗe ƙofar. Da ta dawo ta rufe. Haka muka wuni.

Rana ta biyu ce ta tayar mini da hankali. Barci ya ɗauke ni bayan kunu, na farka kaina kamar ana sara shi da gatari, zuciyata tana tashi. Na duba agogo na ga lokacin shan nono ya wuce da fiye da awa ɗaya, yarinyar da ba ta taɓa yi mini jinkirin minti biyar ba tana kwance lakwas. Sai da na murza mata tafin ƙafa sosai kafin ta buɗe ido, ta kama nono da ƙyar. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na fito da ita falo, na koma na yage ledar taga da farcena, na ɗaga gilashin. Na kira asibiti, suka ce mu kawo ta. Aka duba mu, aka sa mana iska, aka ce mun yi sa'a, kada a sake kunna gawayi a cikin gida.

Na faɗa wa Inna abin da likita ya ce. Ta ce ciwon kai ai na jego ne, kowace mace tana yi, jariri kuma barci ne sana'arsa. Likitan namiji ne ko mace? Na ce namiji. Ta ce to, ya taɓa haihuwa? Kafin magariba ta cusa tsohon zane a tagar da na yage, ta danne gilashin.

Daga nan na koma kan maigidana. Na ce gidansa ne, 'yarsa ce, ya je ya yi magana. To amma fa surukarsa ce. Mutumin da tun zuwanta bai ci abinci a cikin gidan ba, sai dai ya ɗauki kwanonsa ya tafi cikin mota ya ci, don kada ta ga bakinsa yana motsi. Ya ce zai gwada. Ina leƙensa ya je bakin ƙofar ɗakinta ya durƙusa, kai a ƙasa. Ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da makaho mai kiran salla a unguwarmu. Ta sa masa albarka. Ya tashi ya dawo yana share gumi, ya ce bai samu ƙofar shiga maganar ba. Na so in shaƙe shi. Ya ce to bari ya ɗauke gawayin ya zubar a ɓoye. Na ce Anti tana da wani buhun, kuma Inna ta riga ta san hanyar gidanta.

Ni ma ɗin ba a sake nake ba. 'Yar fari ce na haifa, kuma a gidanmu ba a nuna damuwa da ɗan fari a gaban manya. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa wasa, in ya yi kuka ka kau da kai har sai an ce ka ɗauka. Ni kaina 'yar farin Inna ce, na san abin daga ciki. Saboda haka duk maganar da zan yi sai in ce kaina yana ciwo, ɗakin yana damuna. Ba na iya buɗe baki in ce ina jin tsoron 'yata za ta mutu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan maganar ita ce aikina. Kowane zangon karatu ina tsayawa gaban ɗaliban shekarar farko a ɗakin gwaji ina koya musu ita: idan abubuwa suka haɗu suka rikiɗe suka zama wasu, ba abin da yake ɓacewa, ba abin da yake ƙaruwa daga babu. Nauyin da ya shiga shi ne nauyin da zai fita. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi gawayi ba sa mutuwa a cikin wuta, abokan zama kawai suke sauyawa. Gawayi mai nauyin awo goma sha biyu yana kama iskar da muke shaƙa mai nauyin awo talatin da biyu, su zama wata iska mai awo arba'in da huɗu. In kuma iskar ɗakin ta yi ƙaranci, sai ya kama rabin wancan, ya zama wata iskar daban, marar launi, marar wari, wadda take shiga jini ta hana shi ɗaukar numfashi. 'Ya'yan Turawa da baƙaƙen Amurka suna rubutawa suna cewa sun gane. Ga ni a gidana na kasa fahimtar da mace ɗaya.

Na kwana ina juya abin, sai na tuna sana'arta. Inna mai man gyaɗa ce, shekara talatin tana yi. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma in ta ba 'yan aiki tiya goma ta gyaɗa, ta san kwalabar mai nawa za su fito da tunkuza nawa za ta rage. In kwalba ɗaya ta yi ƙasa ba ta yarda wai turmi ya sha. Sai ta ce turmi ba shi da maƙogwaro, a nemo inda ya shiga. Na ce to, ta nan zan bi.

Na buga waya ga mai kula da kayan ɗakin gwajinmu, wani dattijo mai kirki, na roƙe shi aron tsohon sikeli mai faranti biyu da ke kan kabad yana shan ƙura. Na lantarki mai lambobi ba zai yi mini amfani ba, Inna za ta ce ni na gaya masa abin da zai rubuta. Maigidana ya ɗauko shi da rana. Wannan kam ya iya.

Bayan la'asar na sa shi a kan teburin kicin, kusa da ƙofar baya, na buɗe ƙofar. Inna ta fara faɗan sanyi, na ce minti kaɗan ne, ina son ta taya ni wani awo don idona ba ya gani sosai. Ƙarya nake yi, ta kuma sani, amma sikelin ya ja ta. Ta taɓa farantan, ta hura musu iska ta ga suna rawa, ta ce wannan na masu zinariya ne.

Na ɗebo garwashi daga kaskonta da ke baranda, wanda ta gama fifitawa, na zuba a gwangwanin madara na ɗora a faranti ɗaya. Na miƙa mata kwanon gyaɗa na ce ta daidaita da hannunta. Ta riƙa zubawa a ɗaya farantin har allura ta tsaya a tsakiya. Muka zauna muna kallo. Ba hayaki ko kaɗan. Can sai gefen garwashin ya fara ɗagawa. Ta cire gyaɗa ɗaya ya daidaita. Jim kaɗan ya sake ɗagawa, ta cire biyu. Kafin garwashin ya zama toka ta tara gyaɗa cike da tafin hannunta a kan tebur.

Na ce, “Inna, nauyin wannan gyaɗar da kika cire, ina ya tafi?”

Ta ce wuta ta cinye mana.

Na ce, “Wuta tana da maƙogwaro?”

Ta harare ni, don ta gane maganarta ce na dawo mata da ita. Ta ce kada in yi mata rashin kunya, abin da ya ƙone ya ƙone. In yana nan, in nuna mata shi.

Dama ina jiran wannan. Na ɗauko babbar robar lemo wadda ba komai a ciki, na matse lemon tsami da yawa na zuba. Na daka kanwarta ta kunu, na ƙulle a 'yar takarda, na saƙale a wuyan robar yadda ba za ta taɓa ruwan ba, na murɗe murfi tamau. Ta sake daidaita sikeli da gyaɗa. Sannan na girgiza. Kanwa ta faɗa cikin tsami, abu ya hau tafasa yana kumfa, roba ta kumbura ta yi tauri kamar ganga. Ƙullin kanwar ya narke ya ɓace a gaban idonta. Na mayar kan faranti. Allura ba ta motsa ba ko da gashi ɗaya.

Na ce kanwar ta ɓace, amma nauyinta yana nan, saboda an rufe ƙofa. Na ce ta buɗe murfin da kanta. Ta murɗa, abin ya yi tsaki mai ƙarfi har ta ja baya. Ta mayar da robar da murfinta kan faranti, sai ga gefen ya ɗaga. Ta cire gyaɗa ɗaya, biyu, har biyar kafin ya daidaita. Ba ta ga komai ya fita ba, amma hannunta ne ya cire gyaɗar.

Na kunna tsinken tsintsiya na zura a bakin robar, wutar ta mutu nan take kamar an tofa mata yawu. Na gaya mata cewa wadda garwashi yake fitarwa a rufaffen ɗaki 'yar uwar wannan ce, har ta fi ta mugunta. Na ce ɗakunanmu na gida akwai asabari a ƙofa, akwai kafofi a azara, iska tana shiga tana fita. Wannan ɗakin kuwa surukinta ya murɗe masa murfi. Duk gawayin da ta ga ya ragu a kasko yana nan tare da mu, muna shaƙarsa.

Ta daɗe tana kallon robar. Na ɗauka na gama aiki, har na fara jin daɗin kaina. Sai ta tattara gyaɗarta ta mayar kwano, ta ce ta gani, boko ya yi kyau, amma roba daban ɗaki daban, kuma a rufe ƙofar nan kafin sanyi ya gama da ni.

Washegari da hantsi ta shigo da kasko.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Raina ya ɓaci. Na ɗauki jaririyar a gabanta, ba tare da an ce in ɗauka ba, na rungume ta a ƙirjina, na sumbaci goshinta, abin da ban taɓa yi a gaban Inna ba. Na zura babbar rigar sanyin maigidana na rufe mu tare, na bi ta gefenta na fita baranda na zauna a kan matakala. Sanyin ya daki fuskata kamar mari. Ciyawar gaban gida duk ta yi fari.

Ta biyo ni a guje, ɗankwali a hannu. Mai jego, kwana goma sha biyu, a waje cikin wannan sanyi! Ta ce in tashi in shiga. Na ƙi. Ta ce za ta saɓa mini. Na ce ta saɓa. Ta ce ashe boko haukata mutane yake yi, ashe ba ni da kunya.

Na ce, “Inna, 'yata ce. Ina sonta, kuma ba zan bari ta mutu ina kallo ba. In kasko yana ciki, mu muna waje. Ki zaɓa.”

Na faɗa da ƙarfi, har wata Baturiya da ke wucewa da karenta ta waiwayo. Ina kuka ina faɗa, kunya kamar ta kashe ni, amma ban tashi ba. Inna ta tsaya a kaina tana huci. Mu biyu zuciyarmu iri ɗaya ce, kowa a gida ya san haka, kuma ban taɓa cin ta da taurin kai ba. Na riga na ƙudurta cewa in ta kai mu wuni a nan, sai dai in ratsa titi in shiga gidan Anti da jaririyata, duniya ta ji.

Ta juya ta shiga. Na ji ƙarar kaskon a kan katako tana jawo shi daga ƙarƙashin gado. Ta fito da shi ta dire a ƙarshen baranda har garwashi ya tarwatse, ta koma ta buɗe ƙofar ɗakin da ta falo duka. Ba ta kalle ni ba ta ce in an ga dama a shigo.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Wanka dai tana yi mini, har ma ruwan ya ƙara zafi, ganyen ya ƙara nauyi, na kuma san dalili. Kunu tana ajiyewa a bakin gado ta fita. Maigidana ya shiga tsaka mai wuya, ya ƙara yawan zama a mota.

Amma ba ta haƙura da wutar ba. Sai ta fito da wata dabara. Kaskon yana baranda, ita kuma ta riƙa gasa tsofaffin zannuwa a kansa, ta ninke, ta shigo da su da sauri ta naɗe mini ciki da baya da ƙafafu. In sun huce ta kwashe ta sake fita. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da silifas da safar maigidana, tana shiga tana fita cikin wannan sanyi sau ashirin a wuni. Na ce ta bari, akwai robar ruwan zafi, akwai bargon lantarki. Ko kallona ba ta yi ba. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma ban ce a dawo da kasko ba, kuma ba zan ce ba ko za ta shekara tana fushi.

Rana ta huɗu da la'asar ina kwance rub da ciki, tana danna mini zane mai zafi a gadon baya. Jaririya tana barci a gefe, ƙofa a buɗe. Ina jin numfashin Inna a bayana, ba na ganin fuskarta. Sai ta fara magana, murya ƙasa ƙasa, kamar da zanen take yi.

Ta ce tsakanina da ƙanena mai bi mini akwai wani. Na san da haka sama sama, an taɓa cewa an yi wani yaro bai zauna ba, ba a kuma ƙara tayar da maganar ba. Ta ce namiji ne, ƙato, mai gashi. Shekarar ce mahaifinmu ya gama sabon ɗaki na siminti, da rufin kwano da silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe, irinsa na farko a layinmu. Don a girmama ta aka ce a can za ta yi jego. Lokacin sanyi ne. Kakata ta hura garwashi a tsakar gida har hayaki ya ƙare, ta shigar mata, ta ja ƙofa. Da safe sai da aka fito da Inna aka zuba mata ruwa kafin ta farfaɗo, tana amai, kanta kamar zai tsage. Yaron yana kwance yadda ta kwantar da shi, fuskarsa jajir, kyakkyawa, kamar mai barci. Kwanansa goma sha shida. Aka ce iska ce, wasu suka ce baki ne saboda sabon ɗaki. Har wata maƙwabciya aka daina gaisawa da ita a kan haka, matar ta mutu ba su shirya ba.

Hannunta ya tsaya a bayana. Zanen ya fara hucewa.

Ta ce, “Ke da kika karanta. Shi ma gawayin ne?”

Kwana da kwanaki ina neman ta yarda da ni. Na yi ihu, na yi kuka, na aro sikeli, na zubar da kunyata a kan titi. Ga shi ta kawo mini yardar har inda nake kwance, na kuwa ji da ma ƙasa ta buɗe in shige. Na san amsar. Ko ɗalibina na shekarar farko ya san ta.

Na ce, “Allah ne masani, Inna. Kwanansa ne ya ƙare.”

Ta ce, “Wannan na sani tun kina 'yar shekara uku. Ba shi na tambaye ki ba.”

Na tura fuskata cikin matashi. Na ce mata ba ta sani ba, kakata ma ba ta sani ba, ba wanda ya sani a lokacin. Na ce duk wanda ya hura wutar nan don ƙauna ya hura ta. Ta bar ni na gama kewaye-kewayena, ba ta katse ni ba, ba ta kuma ɗauke hannunta ba.

Na ce, “Shi ne, Inna.”

 Ta yi salati a hankali, ta kira sunan yaron, sunan da ban taɓa ji ba a rayuwata. Ta zare zanen daga bayana ta ajiye, ta zagayo ta ɗauki jikarta da ke barci, ta kara kunnenta a ƙirjin yarinyar tana saurare. Ta daɗe a haka ba ta ɗago ba.